Shekara 11 ba su san hanyar unguwarmu ba, sai ranar da suka zo da jan fenti

Ranar Talatar da ta wuce na dawo daga kasuwar albasa bayan la'asar, na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gidana. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe wasu ne suka zo da mota da hantsi, suka zana ƙaton gicciye da jan fenti a jikin katangata, tun daga kan dakali har kusa da indararo, suka yi gaba abinsu. Ba sallama, ba takarda, ba wanda ya tambayi ina mai gidan. Uwargidana ta leƙo ta ce musu lafiya dai? Ɗaya ya ce mata hanya ce za ta bi ta nan, ya rufe gwangwaninsa ya shiga mota. Gida 14 suka shafa wa a layinmu. Wanda duk ke zaune a Marwa, nan arewacin Kamaru, ba sai an fassara masa wannan jan fenti ba.

Shekara 11 ke nan da na sayi filin nan a bakin gari, gaban lawan, wato mai unguwa, da shaidu, aka ba ni takarda da hatimi. Ɗaki ɗaya-ɗaya na gina shi, ribar bana ta yi tubali, ta baɗi ta yi kwano. A cikin shekarun nan ban taɓa ganin motar hukuma ta shigo layinmu da alheri ba. Turakun wuta karo-karo muka yi muka saya. Ruwa kuwa har gobe a wajen ƴan ga-ruwa muke saye, jarka-jarka. Duk damina sai mun haɗa kuɗi mun sayo jar ƙasa tifa biyu ko uku mun zuba, ruwan Agusta ya zo ya kwashe ya kai mayo, wato rafi. Bara waccan matar maƙwabcina ta kama naƙuda da tsakar dare ana ruwa, ɗan kilando, wato mai babur na haya, ya tsaya can bakin kwalta ya ce ko nawa za a ba shi ba zai shigo ba. A kurar ruwa muka ɗora ta, mu huɗu muna turawa, taɓo har gwiwa, yaro na haska mana da fitilar waya. A daren nan babu wanda ya tuna akwai hanya a unguwarmu.

Washegarin fentin na yi sammako. Na sa babbar riga, na ɗauko takardar lawan daga ƙasan akwati, da rasiɗan harajin da nake biya, da shaidar dosiyen, wato fayil ɗin, da na shigar shekara 6 da suka wuce ina neman titir fonsiye, takardar mallakar fili ta gwamnati, wanda har yau ban ga ƙeyarsa ba. Ƙarfe 8 ina kan benci a ofishin da aka ce su ne masu wannan aiki. Mai ofishin bai iso ba sai 10 da rabi. Yaro ne, wallahi ba zai girmi ɗana na fari ba. Na miƙe na gaishe shi da Fillanci kamar yadda kowa ke gaisawa a garin nan. Bai amsa ba. Ya zauna, ya juyo da fanka wajensa, ya kwance ƙullin gyaɗa, ya shiga latsa waya. Ga kujera babu kowa a gabana, bai ce in zauna ba, ni kuma ban zauna ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya an shafa wa gidana jan fenti. Na zo in ji dalili."

Bai ɗago kai ba. "Wace unguwa?"

Na faɗa masa.

"To ai ka ji dalili. Hanya."

Na ce, "Ina so a nuna mini taswirar, in san mita nawa za ta ci. Katanga ce kawai, ko har da ɗakunan iyalina?"

Sai a nan ya ɗago. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ya juya harshe zuwa Faransanci, yana zubo shi da sauri don ya tabbata ban kama ba. Mutum biyu da ke teburin gefe suka kwashe da dariya. Masinjan ofishin, wani dattijo sa'ana, ya sunkuyar da kai ya ce mini a hankali, "Alhaji, wai ya ce ko an shimfiɗa maka taswirar, karantawa za ka yi?"

Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce, "Yallaɓai, ban yi boko mai nisa ba, amma na san gabas na san yamma, na kuma san inda ƙofar gidana take. Ka nuna mini kawai."

Na miƙa masa takarduna da hannu biyu. Ya zaro ta lawan da yatsa biyu, yatsun da yake cin gyaɗa da su, har maiƙo ya fito a gefenta. Takardar da na shekara 11 ina ɓoyo a cikin leda kada gara ta taɓa. Ya kaɗa ta a iska ya ce, "Baba, wannan ka kai wa mai ƙosai ta naɗe maka na ɗari. Kana da titir?"

"Na shigar da dosiye shekara 6 ke nan."

"Ban tambaye ka tarihi ba. Kana da shi ko ba ka da shi?"

"Ba ni da shi."

"Izinin gini fa?"

Na yi shiru.

"To wa ya aike ka? Ku ne kuke tashi ku yi ta gini ko'ina kamar gara, sannan ku zo ku hana mutane aiki. Ba titir, ba diyya. Hanyar nan tana cikin tsarin gari tun kafin ka aza tubalin farko."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a maƙogwaro, ta fi zagin ciwo. Na ce, "Tun kafin in aza tubali? To me ya hana a gaya mana? Me ya hana a kafa ko da dutse ɗaya, mu san nan hanya ce?"

Ya ce, "Aikina ne in bi ku gida-gida?" Ya ture takarduna zuwa bakin tebur, ɗaya ta faɗi ƙasa. Na durƙusa da babbar rigata na ɗauka a gaban yaran nan. Kafin in miƙe ya koma kan wayarsa.

Jama'a, ku taya ni dubawa. Sun sani. Shekara 11 suna da takarda a cikin durowa mai nuna cewa ta tsakar gidana hanya za ta bi, suna kallo muna saye, suna kallo muna gini, suna karɓar haraji, suna karɓar kuɗin tambur, wato kan sarki, na dosiye. A ofisoshin nan na hukuma na rubuta inda filina yake, da faɗinsa da tsawonsa, ba wanda ya buɗe baki ya ce Alhaji dakata. Sai da na gama zuba ƙarfina da kuruciyata a ciki, sannan aka tuna da gwangwanin fenti. Ni ba na gaba da hanya. Mu ne muka yi ta kai kuka a yi mana ita. Da an kafa duwatsun iyaka tun filin yana gonar dawa, da kowa ya ja baya mita biyar ya yi gininsa, ba asarar ko sisi. Dokar tsara birane ta 2004 ta ce kowane gari ya kasance da takardar tsarinsa, a san wurin hanya, wurin gidaje, wurin kasuwa. To tsarin da mai gida ba zai gani ba sai ranar rusau, don wa aka yi shi? Dokar filaye ta 1974 ta ce titir ne kaɗai shaidar mallaka, mun ji. Amma wa ke riƙe da titir ɗin? Wanda ya danne dosiyena shekara 6 shi ne kuma yake tambayata ina titir. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma fa garin nan ba a ɓoye ya cika ba. An buɗe jami'ar Marwa a 2008, ɗalibai suka yi ta kwararowa, kuɗin haya ya tashi. Rikicin Boko Haram ya koro mutane daga ƙauyukan bakin iyaka, daga wajen Kolofata da Mora da Mayo Tsanaga, suka shigo gari da ƴaƴansu. Ina aka tanadar musu? An ce za a gina gidaje 10,000 masu sauƙin kuɗi da filaye 50,000 a ƙasar nan, mu dai a Yawunde da Duwala muka ji labarin yawancinsu. Da shirin gaggawa na gwamnati ya zo, gida 100 aka ware wa Marwa. Gida 100! Layi nawa ke nan a unguwar Domayo? Sauran jama'a su kwana a ina? Dole talaka ya je wajen lawan ya sayi abin da ya samu, a bakin mayo ne, a kan hanyar ruwa ne, a kan hanyar da ke ɓoye cikin durowa ne, shi dai ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Daga baya a kira shi gara.

Abin da aka yi wa layinmu shi ake yi wa arewacin ƙasar nan gaba ɗaya, alkawari a takarda, wahala a ƙasa. Ni ɗan albasa ne, hanya ita ce jarina, don haka na san abin da nake faɗa. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, wajen kilomita 200, ita ce ƙofarmu ta Injamena. Tun da aka sace ƴan Sin 10 masu aikinta a Waza a watan Mayun 2014 aikin ya shiga tafiyar hawainiya, aka shekara da shekaru ana ɗagawa ana saukewa. Na taɓa loda buhu 80, mota ta kafe a hanyar nan da damina kwana 4, da muka buɗe tanti wari ne ya tare mu. Wa ya biya ni? Gadar Palar ta karye a daminar 2020, a cikin garin Marwa, a kan babbar hanyar ƙasa, aka daɗe ana ratsawa ta cikin mayo. A 2012 da ruwa ya ci yankin Maga, shugaban ƙasa da kansa ya zo Girbidik, aka yi alkawarin ganuwar tare ruwa mai hanya a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kuseri. Shekara 12 bayan nan, a 2024, ruwan Logon ya sake cin Yaguwa da Maga, mutane suka koma kwana a tantuna. Jirgin ƙasa ya iso Ngawundare a 1974 ya tsaya cak, kusan kilomita 500 tsakaninmu da shi, har yau zancen ƙarasowa ake. Madatsar Lagdo tun 1982 take, megawat 72, ita ce uwar wutar jihohi uku. An ƙara na hasken rana a Marwa da Gidar, ban musa ba, amma je ka tambayi tela ko mai walda ko mai injin niƙa awa nawa yake samu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kashe tsofaffi a ɗaki. Ga masana'antar siminti a Figil, a kan hanyarmu ta Garwa, amma buhu ɗaya sai mutum ya yi shawara da aljihunsa sau uku.

Ana ce mana nan da 2035 ƙasa za ta bunƙasa. Da wace hanya? Da wace wuta? Wane mai kuɗi ne zai kafa masana'anta a inda kaya ke ruɓewa a mota? An zaɓi majalisun jihohi a Disambar 2020, aka ce yanzu mu za mu tsara yankinmu da kanmu. Ni ban ga ranar da aka tara mu ƙarƙashin dalbejiya aka shimfiɗa taswira aka ce ga inda hanya za ta bi, ga inda kwalbati zai fita, me kuka gani ba. Mu ma fa da namu laifin. Masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu a cikinmu suke. Masu gini a bakin magudana suna sane a cikinmu suke. In an shafa wa maƙwabci fenti, sai kowa ya leƙa katangarsa, ya ga babu, ya yi hamdala ya koma ciki. Ni kaina da aka yi wa wata unguwa shekarun baya, ban taka na je jaje ba, kuma yau abin yana ci mini rai.

Jiya da dare mu 14 muka zauna a ƙofar masallaci. Mun sami wani ɗan unguwa da ke karatu a jami'a, ya rubuta mana takarda da Faransanci, kowa ya sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Abu uku muka nema: a nuna mana taswirar da ranar da aka amince da ita, a auna a gabanmu, a faɗa mana inda dosiyoyinmu suka maƙale. Ranar Litinin za mu koma ofishin nan gaba ɗayanmu, da yaron da zai karanta. Buhun siminti 6 da na saya don shafen ɗakin ɗana da zai yi aure bayan Sallah suna nan jibge a zaure, uwarsa ta tambaye ni da safe ko a kira magini, na ce a dakata tukuna.