Ranar da zobona ya koma tawada

Uwargida ta tafi Zariya duba mahaifiyarta, ta bar ni da yara, ga abokaina biyar sun ce a gidana za su sha ruwa ranar 10 ga azumi. Abinci na sa an dafo daga waje. Zobo kuwa na ce wannan ba sai an je makaranta ba, shekara 17 ina kallo ana yin sa.

Na wanke zobo, na zuba a tukunya da citta da kanumfari, ya tafasa ya yi ja wur, gida ya ɗauki ƙamshi. Mai azumi ba shi da halin ɗanɗano, sai na kira auta. Yaro ya kurɓa, ya runtse ido, ya yamutsa fuska kamar an mare shi. Nan na tuna uwargida kan jefa kanwa don kashe tsami. Abin da ban taɓa lura ba shi ne nawa take jefawa. Na ɗauko dunƙule kamar ƙwan zabo na sake shi ciki.

Kafin in ajiye ludayi ja ya gudu. Abu ya yi shuɗi, ya yi duhu, gefen tukunya kore-kore, kai ka ce daga marinar Ƙofar Mata na ɗebo shi. Na ja da baya ina karanta Falaƙi da Nasi.

'Yata ta fari, wadda ke aji biyar a sakandare, ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce, “Abba, ba aljanu ba ne, antosayanin ne.” Na ce shi kuma ɗan wace unguwa ne? Ta ce sinadarin da ke ba zobo launi ke nan, a cikin tsami ja ne, in ya gamu da kanwa sai ya juye shuɗi ko kore. Wai abin da muke dafawa ma ba furen ba ne. Furen yakuwa ruwan ƙwai ne mai haske da jan ciki, da safe ya buɗe, kafin yamma ya yanƙwane. Ɗan kofin da ke tallafe da shi ne ke kumbura bayan ya faɗi, shi ake tsinka a shanya. A yawancin tsirrai kofin nan kore ne saboda kulorofil, irin na ganye, amma a zobo ja ya danne shi, shi ya sa farin zobo, da ba shi da jan, yake kore-kore yana ɗanye. Ta ƙara da cewa kulorofil shi kanwar yake so, dalilin da ya sa miyar kuɓewar Umma ke fitowa kore shar ke nan.

Kuɗin makaranta dai bai tafi a banza ba, amma saura minti 40 a kira sallah. Na ce, “Malama, a taƙaita lacca, mene ne magani?” Ta ce lemon tsami.

Guda 12 na matse. Tukunya ta yi fuu, kumfa ta taso ta malalo kan murhu, ta fantsamo mini a farar shadda. Ja kuwa ya dawo, har na ji kamar in yi guɗa. Na labta sukari, na tace, na sa ƙanƙara.

Da aka sha ruwa, kowa ya ɗaga kofi. Shiru ya ratsa tabarma. Can babban cikinsu ya goge baki a hankali ya ce, “Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan na shawara ne ko na basir?”

Washegari na ɓuya a bayan gida ina wanke shaddar kafin mai gida ta ainihi ta dawo. Ina goga sabulu, jajayen ɗigon suka koma shuɗi. Ta taga na ji muryar yarinyar: “Abba, sabulu ma ɗan'uwan kanwa ne!”

Uwargida ta iso da la'asar. Ba ta ce komai kan shaddar da ke kan igiya ba. Ta shiga kicin, ta fito da gwangwani a hannu tana girgizawa, ta ce, “Abban yara, kanwar da na saya ta wata uku fa?”