Tambayar da ɗan takara ba zai iya zille mata ba

Da zarar zaɓe ya ƙarato, 'yan takara kan yi ta zarya a wuraren ibada da tarukan unguwa. A ba su kujerar gaba, a yi musu addu'a, su yi jawabi mai daɗi kan talauci da adalci, su kama gabansu. Bayan rantsuwa babu wanda zai iya nuna alkawarin da suka ɗauka, domin tun farko ba a tambaye su komai ba. A ganina masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa sun fi kowa damar sauya wannan, saboda su ne ke tara mutane kowane mako, kuma su ne suka san gidan da aka kwana da yunwa. Abin da yawanci suka rasa shi ne tsari.

An gwada tsarin, ya kuma yi aiki. A birnin Baltimore na Amurka, coci-cocin da ke cikin ƙungiyar BUILD sun lura cewa da yawa daga masu zuwa karɓar abincin sadaka ma'aikata ne, albashin ne ba ya kai su ƙarshen wata. Suka matsa wa hukumar birni lamba har aka kafa doka a 1994 da ta tilasta wa 'yan kwangilar birnin biyan albashin da zai riƙe iyali. A gabashin Landan, haɗakar TELCO, wadda ta ƙunshi masallatai da coci-coci da makarantu, ta fara irin wannan fafutuka a 2001. Kafin zaɓen magajin gari na 2004 aka sa Ken Livingstone, magajin garin Landan na lokacin, ya yi alkawari a gaban jama'a, a 2005 kuma ofishinsa ya sanar da fam 6.70 a awa a matsayin albashin rayuwa na Landan. Tushen wannan salo yana komawa ga Saul Alinsky, Ba'amurke mai haɗa kan mazauna unguwanni, wanda ya kafa gidauniyar Industrial Areas Foundation a 1940.

Aikin yana farawa watanni kafin a gayyaci ɗan takara. Ana yin ƙananan zama a gidaje, mutum 8 zuwa 12, kowa ya faɗi abin da ke hana shi barci. Daga ɗaruruwan koke-koke sai a tace a bar uku, in sun yi yawa huɗu. Nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Shugabanni kan ji nauyin yar da koken wani, sai a shiga taro da buƙatu goma sha biyar, ɗan takara ya zaɓi mafi sauƙi ya yi ta magana a kai har lokaci ya ƙare.

Sai rubuta tambaya, wadda ita ce zuciyar aikin. "Me za ka yi game da rashin matsuguni?" gayyatar jawabi ce kawai. Tambayar da ke kama mutum tana ɗauke da adadi da wa'adi da inda kuɗi zai fito: "Idan ka ci zaɓe, za ka sa kuɗin gina gidaje kaza masu sauƙin haya a kasafin shekararka ta farko? Eh ko a'a?" Kafin a rubuta ta dole wani ƙaramin kwamiti ya karanta kasafin kuɗi ya tabbatar kujerar da ake nema tana da iko a kan abin. Wanda ya nemi ɗan majalisar birni ya gyara dokar ƙasa ya ba shi "eh" a kyauta, domin ya san ba za a taɓa kama shi da laifin rashin cikawa ba.

Ana aika wa kowane ɗan takara tambayoyin a rubuce mako ɗaya ko biyu kafin taro, a kuma zauna da shi a bayyana masa ƙa'ida. Wasu na ganin wannan sassauci ne. Ni ina ganin adalci ne, kuma yana toshe ƙofar "bari in yi nazari".

Ranar taro kowace majami'a ko masallaci ta zo da adadin mutanen da ta yi alkawari, a kira suna su miƙe a ƙirga. Gara zaure mai cin mutum 300 ya cika maƙil da a tara 500 a wurin da ke cin 2,000, domin ɗan siyasa kujerun da babu kowa yake fara ƙirgawa. Kafin kowace tambaya, wanda abin ya shafa ya tsaya ya yi bayani na minti biyu. Idan mai sharar asibiti ta ɗaga takardar albashinta ta karanta abin da ya rage bayan kuɗin haya, zauren kan yi tsit. Ɗan takara yana da minti ɗaya ko biyu, mai kula da lokaci na riƙe da ƙararrawa, a babban allo kuma a rubuta amsarsa. In ya kewaya, shugaban taro ya maimaita cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, mu rubuta eh ko a'a?" Wanda ya ƙi zuwa a bar kujerarsa da sunansa a kai.

Masu suka na cewa wannan shigar da addini cikin siyasa ne, kuma tsoronsu yana da tushe. Ranar da haɗakar ta ɗaga hannun ɗan takara guda, ta rasa rabin mambobinta, ta kuma rasa bakin magana in abokin hamayyarsa ya ci. A Amurka ma dokar haraji ta 1954 ta hana ƙungiyoyin addini da na agaji da aka yafe wa haraji mara wa ɗan takara baya. Don haka ba tuta, ba hular jam'iyya, ba karɓar gudummawar gini daga hannun mai neman ƙuri'a. A kuma ajiye batutuwan aƙida da ba a haɗu a kansu ba, a riƙe albashi da haya da ruwa da makaranta, inda limami da fasto ke jin kuka iri ɗaya daga mabiyansu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne watsewa bayan zaɓe. A ranar 3 ga Mayun 2010 Citizens UK, wata irin wannan haɗaka a Birtaniya, ta tara shugabannin manyan jam'iyyun ƙasar uku, Gordon Brown da David Cameron da Nick Clegg, a zaure guda ana gab da zaɓe, kuma alkawarin daina tsare yara saboda shige da fice ya shiga yarjejeniyar gwamnatin haɗaka da aka kafa bayan zaɓen. Tsarewar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare gaba ɗaya ba, dole aka ci gaba da bibiya. Shi ya sa tambaya ta ƙarshe a kowane taro ya kamata ta zama: "Za ka dawo ka zauna da mu cikin kwana 100?" A sa ranar a takarda kafin ya bar zauren, a naɗa mutum uku da za su riƙa duba kasafin kuɗi suna kawo rahoto kowane wata uku.