Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda dangi za su tsaya wa mai ciwon baifola

Yawancin iyalan da ke da mai ciwon baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwa da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, ba sa motsi sai abu ya lalace: ya kwana uku bai runtsa ba, yana zuba magana ba numfashi, ya kwashe kuɗin asusunsa ya zuba a wata harka da ya ƙirƙiro da tsakar dare. A nan ne kowa zai taso, wannan na faɗa, wancan na kuka. A ganina, babban aikin dangi yana cikin watannin da mutum yake garau, domin a lokacin ne kaɗai za a iya zama da shi a yi shawara ya kuma amince.

Ciwon yana da hawa da sauka. Hawan da likitoci ke kira maniya yakan kai aƙalla kwana 7, ko ya tsananta har a kwantar da mutum a asibiti. Akwai ƙaramin hawa na kwana 4 zuwa sama, wanda dangi kan ɗauka kuzari ne kawai. Saukar kuwa ciwon damuwa ce mai kai mako 2 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a 2019.

Ku zauna da shi yana lafiya, ku rubuta yarjejeniya a takarda. Waɗanne alamomi ne ke fara bayyana a kansa? Wa za a kira? Wa zai riƙe katin banki da makullin mota idan hawan ya fara? Da bakinsa ya zaɓa, ya sa hannu. Ranar da ya tashi yana ganin kansa ya fi kowa hankali, takardar nan ta fi duk wata gardama ƙarfi.

Alamar da ta fi cancantar sa ido ita ce barci. Rashin barci yana tayar da hawan, hawan kuma yana ƙara kore barcin. Idan mai kwana awa bakwai ya koma awa huɗu dare biyu ko uku a jere, kuma ya ce ko kaɗan bai gaji ba, a kira likita a ranar. Wannan "ban gaji ba" ɗin ne abin tsoro.

Sai magani, inda kuskure ya fi yawa. Litiyum, wanda likitan Ostareliya John Cade ya nuna amfaninsa a 1949, har yanzu yana cikin mafi inganci, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa kaɗan ce. Shi ya sa ake auna shi a jini kimanin awa 12 bayan shan na ƙarshe, ana kuma duba aikin ƙoda da na tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) lokaci zuwa lokaci. Zawo, amai ko yawan zufa ba tare da shan ruwa ba suna ɗaga yawansa a jini. Haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke saye ba tare da tambayar kowa ba. Idan hannu ya soma karkarwa sosai, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, asibiti za a nufa nan take. Kada kuma a bar shi ya daina sha rana guda don ya ji sauƙi. Yanke litiyum kwatsam yana dawo da ciwon da sauri. Macen da ke shan valproate kuwa, wani maganin wannan ciwon, ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa jariri.

In hawan ya riga ya zo, gardama ɓata baki ce. A rage hayaniya da baƙi, a yi magana a taƙaice da murya ƙasa. Kada ku gaskata ruɗunsa, kada kuma ku yi masa dariya.

Saukar ta fi yin shiru, shi ya sa ake mantawa da ita, alhali a cikinta haɗarin kashe kai ya fi yawa. Ku tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciya. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe tarin magungunan da ke ɗakinsa, a kai shi wurin likita a ranar.

Akwai kuskuren da masu ƙauna suka fi faɗawa: mayar da kansu 'yan sanda. Ya yi dariya, a ce ciwon ne; ya yi fushi, a tambaye shi ko ya sha magani. Wanda ake yi wa haka kullum zai koyi ɓoye halin da yake ciki, kuma ranar da barcinsa ya ragu ba ku za ku fara sani ba. Ku ware mutum ɗaya da shi da kansa ya zaɓa, ya zama shi ke tambayar barci da magani, sauran kuma su ci gaba da hirar da suka saba yi da shi.