Tashar Dutsen Wai: jirgin kuza ne, mu 'yan rakiya ne

Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Jos ta Soba da Pambeguwa, dole ya ratsa Dutsen Wai, a Ƙaramar Hukumar Kubau. Ka tsaya ka tambayi wani matashi a bakin titi ko jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa a garin nan, kallon mai zolaya zai yi maka. Alhali kuwa ya tsaya, har shekara 45.

Layin dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya isa Kano a 1911. Shekara ɗaya bayan nan aka ɓallo masa ɗan reshe daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru ya dire a Rahama, zuwa 1914 kuma ya haye tudun Jos har Bukuru. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, babban layin kuwa ƙafa 3 da inci 6, shi ya sa duk kayan da ya kawo Zariya sai leburori sun sauke sun sake lodawa a manyan taragai. Da sunan Bauchi aka san shi, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba.

Me ya kawo shi? Kuza. Kafin zuwansa, a kan 'yan dako ake sauko da ita daga Jos har Loko, bakin Binuwai, kuma kamfanonin Turawa suka ga hakan na cinye musu riba. Mutanen Soba da Dutsen Wai sun ci moriyarsa, ba musu: an yi fatauci, an kai amfanin gona Zariya, baƙi sun zo sun kafa gida. Sai dai albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

A 1927 babban layin da ya fito daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan. Kuza ta samu hanyar da ba sauke-ɗora, ta juya baya. Ɗan jirgin ya yi ta jan ƙafa har shekara 30, manyan motoci na ƙwace masa sauran lodi, aka rufe shi a 1957.

Ba cewa nake a maido da shi ba. Jirgi ne mai tafiyar hawainiya, kuma ko Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ba za a ga laifinta ba don ta ƙi riƙe abin da ba ya fitar da kuɗin gawayinsa. Abin da ke damuna shi ne har yau da irin wancan lissafin muke shimfiɗa dogo. Ana duban bakin layi biyu, abin da ke tsakani ko oho. Jirgin Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016, wa ya fi ɗauka? Ma'aikata da 'yan kasuwa masu tsoron hanya. Manomin masara na Saminaka kuwa har gobe yana hannun mai tirela, abin da ya yanka masa shi zai biya.

Yanzu ga aikin layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021. 'Yan majalisarmu su daina tsayawa kan ranar yanke ƙyalle, su tambayi 'yan kwangila: a ƙananan tashoshin da ke hanya, ina sito, ina sikeli, ina wurin loda buhu da dabbobi? Garin da jirgi ke ɗaukar hatsinsa duk kaka, da wuya a tashi rana ɗaya a kulle masa tasha, domin shi kansa jirgin da lodin yake ci.

Wanda ya hau jirgin Dutsen Wai yana ɗan shekara 10 a shekarar da aka rufe layin, yau yana dab da 80. Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana naɗar murya: a je a naɗi labarin jirgin daga bakin irin waɗannan dattawa tun suna raye.