Gidan haya a Garwa: a faɗi sharaɗi kafin a karɓi kuɗi

A watan Satumban da ya wuce aka yi wa ƙanina canjin wurin aiki daga Marwa zuwa Garwa, a arewacin Kamaru. Malamin makaranta ne, da mata da yara uku. Tun mako biyu kafin tasowarsu na yi ta zagaye da dillali har muka dace da ɗaki biyu da falo a wani gidan bene da ke wajen Rumde Ajiya. Mai gidan yana Duwala, ba mu taɓa sa shi a ido ba. Wakilinsa, wani dattijo da ke zaune a ɗakin bakin ƙofa, shi ya karɓi kuɗin wata uku a gaba da kuɗin ajiya na wata biyu, wanda muke kira kosiyon. Ya yago takarda daga littafin makaranta ya rubuta mana rasit, ya ce Allah ya kawo su lafiya.

Ranar tarewa motar kayan ta yi faci kusa da Figil, ba ta iso ba sai bayan magariba. Muka tarar da dattijo tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu.

"Ba a shigar da kaya da dare a gidan nan," in ji shi.

Ƙanina ya rusuna ya ce, "Baba, ka dubi yaran nan, tun hantsi muke hanya."

"Malam, dokar gida nake gaya maka. Sannan akwai kuɗin ƙofa, sefa dubu goma. Kowa sai ya biya yake shiga."

Matar ƙanina na zaune kan akwati da goyo a baya, manyan yaran biyu sun yi barci a kan katifa a bayan mota, direba kuma ya matsa a sauke masa kaya zai juya. Muka biya. Da muka biya, dokar dare ta kau, aka buɗe ƙofa. Washegari sauran dokokin suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: ana kulle ƙofa ƙarfe goma, baƙo ba ya kwana sai da izini, ba a ɗaure dabba a tsakar gida, kuɗin wuta kuma ana raba shi ne bisa yawan fanka da firji.

Ba na jayayya da yawancin dokokin nan. Gidan da iyalai takwas ke zaune a cikinsa, da ƙofa ɗaya da famfo ɗaya, dole a samu tsari, in ba haka ba zo mu zauna ya koma zo mu saɓa. Abin da nake ƙi shi ne lokacin da aka faɗe su. Sharaɗin da aka ɓoye har sai da kuɗi suka shiga aljihu, kaya suka iso bakin ƙofa, mutum ba shi da inda zai juya, wannan ya tashi daga sharaɗi ya zama tilas. Da an gaya mana tun ranar da muka zo duba ɗaki, da ko dai mu yarda da zuciya ɗaya, ko mu nemi wani gida.

Maganar wakili ta yi nauyi a garuruwanmu ne saboda yadda suke cika. Jami'ar Ngaundere da ke Dang tana nan tun 1993, ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022, kuma kowace na jawo ɗalibai masu neman ɗaki duk farkon shekarar karatu. Ga ma'aikatan gwamnati da ake turowa daga kudu, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu na kan iyaka irin su Kolofata da Amcide suka gangaro Mora da Marwa. Mai neman ɗaki ya fi ɗakin yawa, don haka bakinsa a mace yake. Su kuma masu gidajen, da yawansu 'yan kasuwa ne ko manyan ma'aikata da ke Yawunde ko Duwala ko Njamena. Sai su danƙa makulli ga ƙane, ko tsohon yaron gida, ko maigadi, ko ɗan hayar da ya fi kowa daɗewa, su ce "ka kula mini da gida." Wannan jimla guda ita ce iyakar takardar aikinsa. Ba a ce masa ga inda ikonsa ya fara ba, balle inda ya tsaya, shi ya sa kowa ke auna wa kansa da mudun da ya ga dama.

Alhali ikon wakili aro ne. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa, wadda har yau ake aiki da ita a yankunan Kamaru masu Faransanci, ta fayyace haka a babin wakilci: sashe na 1998 ya ce wanda ya wakilta wani dole ya cika alkawarin da wakilin ya ɗauka a cikin iyakar ikon da ya ba shi, abin da ya wuce iyakar kuwa ba ya hawa kansa sai in ya amince da shi. Ma'anar wannan ga ɗan haya biyu ce. Kuɗin hayar da ka ba wakilin da aka ba izinin karɓa, ka biya ke nan, ko da bai kai wa mai gida ba, muddin kana da rasit. Sannan wakili ba ya da ikon da mai gidan kansa ba shi da shi. Sashe na 1719 ya ɗora wa mai ba da haya nauyin ya miƙa gidan, ya riƙa gyara shi, ya kuma bar ɗan haya ya zauna cikin kwanciyar hankali har ƙarshen wa'adi. To in mai gida ba zai iya faɗo maka ɗaki ba sallama ba, ta ina yaronsa zai iya?

Na dage kan wannan ne domin shi ne ɓarnar da ta fi yawa kuma aka fi yin shiru a kanta. Wakili ya riƙe makulli na biyu, ɗan haya ya tafi aiki, ya dawo ya ga alamar an shiga wai an zo duba famfo. Ko a shigo da mai son kama ɗaki yana leƙe-leƙe alhali matar gida na ciki ba mayafi. Ɗakin da ka biya hayarsa gidanka ne a idon doka. Sashe na 299 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin kwana 10 zuwa shekara 1 da tarar sefa 5,000 zuwa 50,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya shiga gidan wani ba da yardarsa ba, kuma hukuncin na ninkawa in da dare ne ko da barazana. Mu Musulmi ma ba mu jira doka ta gaya mana ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa a haya amfanin gida ya koma hannun wanda ya biya har wa'adi ya cika.

Akwai kuma barazanar da ta zama ruwan dare tun 2016: "Ka biya ko in sa a ɗaure ka." Gaskiya ne sabuwar dokar hukunta laifuka ta wannan shekarar ta zo da sashe na 322-1, wanda ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga ciki, ga ɗan hayar da ya ƙi biya. Amma masu jefa wa mutane wannan sashe ba sa karanta shi har ƙarshe. Sai bashin ya kai wata biyu, sai an aika masa takardar gargaɗi ya yi wata guda bai biya ba kuma bai tashi ba, sannan, kuma nan ne gizo ke saƙa, sai in yarjejeniyar hayar rubutacciya ce da aka yi wa rajista. Masu gidaje da yawa suna gudun rajistar nan saboda haraji. Wanda ya ƙi rubutu don kada hukuma ta san abin da yake samu, bai kamata ya ɗauko sandar hukuma ya kaɗa wa talaka ba. Ko an cika duk sharuɗɗan ma, kotu ce ke yanke hukuncin fitar da mutum, ma'aikacinta ne kuma ke zartarwa. Cire ƙofar ɗaki, ko yanke wa iyali ruwa a zafin Afrilu na Garwa lokacin da awon zafi ke haura 40, ko watso kayan mutum waje, duk ɗaukar doka ne a hannu.

Kada a ce na manta da ɗaya ɓangaren. Na san 'yan hayar da ke kwashe kaya tsakar dare da bashin wata biyar, da masu barin ɗaki kamar an yi yaƙi a ciki, da wanda zai kama ɗaki shi kaɗai ya wayi gari da mutum tara. Mai gida ya zuba dukiyarsa, yana da haƙƙin ya zaɓi wanda zai zauna masa, ya nemi katin shaida, ya tambayi sana'a, ya karɓi kosiyon. Shi ma wakili yana tsaka mai wuya. Da yawansu ba su da albashi sai ɗakin da suke kwana kyauta, kuma duk ƙarshen wata waya na shigowa daga Duwala ana tambayar kuɗi, ba a tambayar ko rufi na yoyo. Mutumin da aka ba aiki ba a yanka masa lada ba, zai yanka wa kansa, kuma daga jikin wa zai yanka in ba na ɗan haya ba? Kuɗin ƙofa da kuɗin shara da ƙarin da ake cusawa cikin lissafin wuta, asalinsu ke nan. Saboda haka kaso mafi girma na laifin yana wuyan mai gidan da ya ɗauki mutum aiki da fatar baki ya juya baya.

Lissafin wutar nan shi kaɗai ya isa ya raba zumunci. Mita ɗaya, ɗakuna goma, takardar biya kuma ba wanda ke ganinta sai wakili. Ya zo ya ce naka dubu bakwai ne, ka tambayi yadda aka yi, ya ce ai kana da firji. A liƙa takardar a bango kowa ya gani, a amince da yadda za a raba tun ranar shiga, ko mai gida ya sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa. Ba abu ne mai tsada ba in aka kwatanta da gabar da yake haifarwa.

Sai kosiyon, wanda mutane da yawa sun riga sun sallama shi tun ranar da suka biya. A nan 'yan haya ne ke cutar kansu da gaggawa. Sashe na 1731 ya ce in ba a rubuta halin da ɗaki yake ciki ranar shiga ba, ana ɗauka ɗan haya ya karɓe shi lafiya lau, kuma haka zai mayar da shi, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Wato tsagewar bangon da ka tarar, da tagar da ba gilashi, da famfon da ke ɗiga, duk za su iya zama naka ranar fita. Minti ashirin sun isa: kai da wakili ku zaga ɗaki, a rubuta abin da aka gani, a ɗauki hoto da waya, a rubuta lambar da mita ta tsaya a kai, kowa ya sa hannu. Wasu na jin kunyar neman haka wai kamar rashin yarda ne da dattijo. Ni ban ga rashin kunya a ciki ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Abin da nake kira gare shi bai wuce takarda guda ba, kuma ba sai an jira majalisa a Yawunde ba. A rubuta sunan mai gida da lambar wayarsa, sunan wakili da abin da aka ba shi izinin yi, kuɗin haya da ranar biya, kosiyon da lokacin mayar da shi, da dokokin gida gaba ɗayansu, har da lokacin kulle ƙofa da maganar baƙi da lokacin da aka yarda a shigo da kaya. A karanta wa mai neman ɗaki da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, kafin ya ciro ko dala. Duk abin da ba ya cikin takardar ba ya hawa kansa sai an zauna an sake amincewa. Jauro da lawan, wato masu unguwa da dagatai, waɗanda dama gabansu ake kai rigimar haya kafin ta kai ofishin 'yan sanda, su ne suka fi cancanta su dage kan wannan a unguwanninsu, su ƙi sauraron ƙarar mai gidan da ya ƙi rubutu. Dillalai ma su sani kuɗin da suke karɓa ba na nuna ƙofa ba ne kawai. Wanda ya kai ka gida ya san dokokinsa ya yi shiru, da shi aka cuce ka.

Bayan wata biyu ƙanina ya samu lambar mai gidan a wurin wani maƙwabci, ya kira shi. Ya ce, "Alhaji, ni ne sabon ɗan hayarka na sama, ina so in ji maganar kuɗin ƙofa." Alhaji ya yi shiru jim kaɗan, ya ce shi bai taɓa jin wani kuɗin ƙofa ba. Da magana ta yi nisa ƙanina ya tambaye shi nawa yake biyan dattijon, ya ce ai ya ba shi ɗaki. Dubu goman ba ta dawo ba, ƙanina kuma ya ce ba zai bi ta ba. Abin da ya roƙa shi ne a rubuta dokokin gidan a ba kowane ɗaki kwafi, a kuma yanka wa Baba wani abu duk wata. Alhaji ya ce zai duba in ya zo hutun Sallah.