Kafin ka ɗauko fiya-fiya saboda kiyashi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku samarin shago da ɗalibai masu haya wajen Kabuga da Rijiyar Zaki, da ku amare da kuka shiga sabon kicin, yau maganar kiyashi zan yi da ku, kuma na san wani zai yi dariya ya ce duk matsalolin garin nan a rasa abin faɗa sai kiyashi. To ba kiyashin ne ke damuna ba, abin da muke yi in mun gan shi ne yake ban tsoro.

Mutum zai sha shayi da daddare ya tura kofin ƙarƙashin gado, gwangwanin madara a buɗe an ɗan toshe shi da takarda, ledar siga an murɗe bakinta kawai, tukunyar Indomie tun ta shekaranjiya tana bayan ƙofa, da safe ya tashi ya ga layi tun daga taga har bakin katifa, sai ransa ya ɓaci ya fita ya sayo fiya-fiya ko Sniper ya yayyafa ko'ina, ya rufe ƙofa da taga, ya kunna fanka ya kwanta a ciki. Haba ɗan uwa! Sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna sunansa dikilobos, maganin ƙwarin gona ne, ta numfashi yana shiga, ta fata ma yana shiga, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai. Ba a yi shi don ɗakin da jariri ke rarrafe ba, balle kicin da ake ajiye garin tuwo.

Kuma abin takaicin ma ba ya gama aikin. Waɗanda kake gani a layi 'yan aike ne kawai, gidan yana can cikin tsagar bango ko ƙarƙashin tayil ko bayan soket, uwarsu tana ciki tana ta zuba ƙwai ba ta fitowa. Ka kashe na waje yau, bayan kwana kaɗan wasu sun fito, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Akwai ma irin ƙananan jajayen nan da in aka dame su da feshi sai gidan ya rabu, wasu su kwashi ƙwai su koma wani lungun, ka wayi gari da gida biyu ko uku maimakon ɗaya.

Yadda suke aiki shi ne, ɗaya ce take fita yawon nema, in ta dace da abinci sai ta koma gida tana barin wani ƙamshi a ƙasa wanda hancinmu ba ya ji, sauran su bi wannan ƙamshin, duk wadda ta bi ta ƙara nata, shi ya sa layin yake kauri cikin ɗan lokaci. Saboda haka share su da tsintsiya kawai ɓata lokaci ne, hanyar tana nan. Ki samu tsumma da ruwan omo ko ruwan khal ki goge layin tun daga inda abincin yake har inda suke fitowa, amma kafin ki goge ki tsaya ki bi su da ido ki ga ramin, don shi ne abin nema. In kin gan shi a toshe da siminti ko fote, kwano ɗaya na siminti ya ishi ɗaki guda.

Sai abinci. Siga da kuka sayo a kasuwar Singa, a juye shi a roba mai murfi da ke rufuwa gam, haka zuma da dabino da alkaki da nakiyar gara, a goge jikin kwalbar ma don ɗigon da ya gangaro shi ne yake kiran su. Kuma ba zaƙi kaɗai suke so ba, ƙuli-ƙuli, kilishi, man gyaɗa, ƙashin kifi, har mataccen kyankyaso a bayan firji abinci ne a wurinsu. Tuwon da za a yi ɗumame da shi in babu wuta, a ɗora tukunyar a cikin faranti mai ɗan ruwa, iyayenmu haka suke yi kuma har gobe yana aiki. Wanke-wanke kada ya kwana, shara kada ta kwana a ɗaki. Da bazara, wajen Maris zuwa Mayu, ruwa suke nema fiye da komai, za ka gan su a gindin randa da bakin famfo mai ɗiga, da damina kuma musamman Agusta ruwa ne yake cika musu rami su hauro ɗaki.

A nan bari in ɗan ratse. In ka lura kullum suna taruwa a inda kake fitsari, kuma ga yawan ƙishirwa da yawan tashi da dare, je ka a gwada maka siga a jini, gwajin minti kaɗan ne.

In an yi duk wannan sun ƙi tafiya, to sai a yi musu tarko. Borik asid, wani farin garin sinadari mai kashe ƙwari, rabin ƙaramin cokali, siga ƙaramin cokali 9, a narka a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a jiƙa auduga a sa a 'yar roba mai murfi da aka huda wa ƙananan ƙofofi, a ajiye kusa da hanyarsu inda hannun yaro ko kyanwa ba zai kai ba. Kada ka cika maganin don gaggawa, so ake su sha su kai gida su ciyar da uwar, in ya yi ƙarfi a hanya za su mutu. Kwanakin farko za ka ga sun ƙaru, ka daure kada ka fesa komai, abin yakan ɗauki sati ko fiye. In masu son maiƙo ne ba su kula ruwan siga ba, a kwaɓa da tunkuza.

Ta fuskar addini kuma, mu da muke karanta Suratun Namli, akwai hadisin Ibn Abbas a Abu Dawud da ya hana kashe tururuwa haka kawai, malamai sun yi sauƙi a kan wadda take cutarwa, amma ƙona su da wuta, irin yadda yara ke zuba kananzir a rami su ƙyasta ashana, wannan a hana su, ga haɗarin gobara ma.

Masu fiya-fiya a gida yanzu haka, don Allah kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwa, kuma allin nan na kashe kyankyaso a ɓoye shi don yaro ba ya bambanta shi da allin makaranta. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, ko aka ga yana dalalar da yawu da gumi da amai bayan an yi feshi, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai dole, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take, Murtala ko Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano, duk wanda ya fi kusa.