Gobarar daji a Amurka: wa ke da dajin, wa ake zargi?

Da zarar wuta ta tashi a Kalifoniya, Shugaba Donald Trump ya riga ya san mai laifi: gwamnan jihar, wai ba ya kula da dazuzzukansa. Tun 2018 yake wannan waƙar, lokacin da gobarar garin Paradise ta hallaka mutum 85, har ya ce su yi koyi da Finland inda wai ake share ƙasan daji da manjagara. A Janairun 2025, Los Angeles na ci da wuta, ya sake ɗauko ta, har da barazanar hana tallafi.

To, dajin na wa? Kusan kashi 57 cikin 100 na dazuzzukan Kalifoniya mallakar gwamnatin tarayya ne, jihar kuwa kashi 3 kacal take da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma ba a rasa abin gani a tudun Washington ba. A 2022 ma'aikatan gandun dajin tarayya da hannunsu suka cinna wuta a New Mexico don rage busassun itatuwa, ta kuɓuce musu ta cinye fiye da eka 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar. A Yulin 2025 aradu ta kunna wata a Grand Canyon, shahararren kwazazzabon da ke jihar Arizona, jami'an tarayya suka ga dama su bar ta ta ci a hankali suna sa ido. Iska ta taso, wani tsohon masaukin baƙi da ke gefen arewa na kwazazzabon ya zama toka. Gwamnar Arizona, Katie Hobbs, iyakacin ikonta shi ne ta nemi a yi bincike. Mutanenta ke shaƙar hayaƙin, shawara kuma ana yanke ta a wani wuri. Gwamnatin Trump ce kuma ta sallami dubban ma'aikatan gandun daji a Fabrairun 2025, sannan ta dawo tana yi wa gwamnoni wa'azin tsafta.

Masu cewa a miƙa wa jihohi filayen kacokan, irin 'yan siyasar Utah da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsu, mafarki suke yi: gobarar shekara guda ta isa ta tatse baitulmalin jiha, daga nan sai a fara sayar da dajin ga masu kuɗi.

A mayar da ma'aikatan da aka kora bakin aiki. Kuma kafin wani jami'i ya ce a bar wuta ta ci kusa da gari, a ji ta bakin gwamna tukuna.